Aiki Kaɗan Mai Ɗorewa Ya Fi Mai Yawa Mai Yankewa

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya dare da rana suna bin juna, babu wanda ke saɓa wa lokacinsa a cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya zaga masallatan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura a cikin watan azumi, sa'an nan ya sake zaga su bayan salla da mako biyu ko uku, zai ga abin da ya isa ya sa mai hankali tunani. A goman ƙarshe na Ramalan sahu yakan cika har a shimfiɗa tabarmi a waje, samari su kwana a tsaye bayan limamin tahajjudi, wuraren tafsiri kuwa sai wanda ya zo da wuri ke samun wurin zama. Amma kafin watan Shawwal ya raba, sai a tarar sallar asuba ta koma hannun dattawan nan da aka saba gani, Alƙur'anin da aka yi ta sauka kuma an mai da shi cikin gafaka an rataye sai baɗi. Haka abin yake a makarantun dare na magidanta da Islamiyyun matan aure: makon da aka buɗe ba masaka tsinke, bayan wata biyu malami yana iya ƙirga ɗalibansa da yatsun hannu.

Mafi yawan waɗannan bayin Allah sun fara da kyakkyawar niyya. Abin da ya ci su shi ne sun dogara da zumuɗi, alhali kuwa zumuɗi wutar kara ce, tana ci bal-bal, nan da nan ta zama toka. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, da me Musulmi zai riƙe aikinsa na alheri ranar da ya wayi gari zuciyarsa ba ta marmarinsa?

Kasala halin ɗan Adam ce

Abu na farko da ya wajaba a sani shi ne, raguwar himma ba alamar munafunci ba ce. Imamu Muslim ya ruwaito labarin Hanzala, Allah ya yarda da shi, ɗaya daga cikin marubutan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wata rana ya gamu da Sayyidina Abubakar, ya gaya masa yana tsoron ya zama munafuki, domin idan suna gaban Annabi ana ambaton wuta da aljanna sai su ji kamar suna ganinsu da ido, amma da sun koma cikin iyali da harkar dukiya sai su manta da yawa. Sayyidina Abubakar ya ce shi ma yana samun irin wannan. Da suka kai maganar gaban Annabi sai ya kwantar musu da hankali, ya nuna musu cewa ba a halicci mutum don ya dawwama a kan ƙololuwar shauƙi ba, rayuwa lokaci ce bayan lokaci.

A wani hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito an yi amfani da kalmomi biyu na Larabci masu kyau a riƙe su. Ta farko “shirra”, watau kaifin himma da zafin farawa. Ta biyu “fatra”, watau sanyin jiki da ke biyo baya. Ma'anar hadisin ita ce kowane aiki yana da lokacin kaifinsa, kowane kaifi kuma yana da lokacin dushewarsa, wanda ya shiryu kuwa shi ne wanda ko a lokacin dushewar bai fita daga sunna ba. Ashe ke nan ba a ranar zafin himma ake gane matsayin mutum ba, a ranar sanyinta ake ganewa, a ga inda ya tsaya sa'ad da ya sauko.

Ma'aunin da Annabi ya bayar

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da ƙanƙane ne. Da aka tambaye ta yadda aikin Annabi yake, sai ta siffanta shi da kalmar “dima”. Larabawa suna kiran ruwan sama da wannan suna idan yana sauka a hankali, ba tsawa ba walƙiya, ya daɗe bai ɗauke ba. Kowane manomi ya san bambancin irin wannan ruwa da ruwan da ke zuwa da iska ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Na farko yana ratsa ƙasa ya kai ga saiwa, na biyu kuwa yakan kwashe taki da shuka ya zuba a kwari.

Labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da su, darasi ne ga kowane saurayi mai zafin ibada. Ya ɗaukar wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare duka. Annabi ya kira shi ya nuna masa cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa da baƙonsa duk suna da hakki a kansa, ya ba shi shawarar azumin kwana 3 a kowane wata da saukar Alƙur'ani sau ɗaya a wata. Abdullahi ya yi ta cewa yana da ƙarfin fiye da haka, har aka tsaya a kan azumin Annabi Dawuda, watau a yi yau a sha gobe, da sauka a kwana 7. Da tsufa ya zo masa, ƙarfi ya tafi, sai ya riƙa cewa ina ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa tun farko. Har wa yau, Annabi ya taɓa ganin igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci, aka ce ta Nana Zainab ce, tana riƙe ta idan ta gaji da tsayuwa. Ya yi umarni a kwance ta, ya ce mutum ya yi nafila gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna.

Alƙur'ani mai girma kansa ba a dunƙule ya sauka ga Annabi ba. Shekara 23 aka yi yana sauka, 13 a Makka 10 a Madina, kuma Suratul Furƙan ta bayyana cewa hikimar haka ita ce a tabbatar da zuciyar Manzo. A cikin Suratun Nahli kuwa, aya ta 92, an yi gargaɗi da misalin macen da takan kaɗa zarenta ya yi ƙarfi sa'an nan ta warware shi. Ayar tana magana ne a kan warware alkawari, amma malamai sukan kawo ta ga wanda ya gina alheri wata guda ya rushe shi a mako guda. Wanda ya taɓa ganin tsohuwa da mazari da alli tana kaɗi tun hantsi har la'asar ya san girman wannan hasara.

Darasin allo

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar zuwa nesa neman misali, domin yana nan a tsangayu da makarantun allo da ke ƙauyukansu, tun daga gindin duwatsun Roni da Kazaure har zuwa Babura a bakin iyakar Nijar. Tsarin almajirci yana da matsalolinsa na bara da rashin kulawar wasu iyaye, waɗanda ke bukatar nasu bayani daban. Amma hanyar karatun kanta tana ɗauke da hikimar da masu neman ɗorewa a kan kowane aiki za su amfana da ita.

Yaro yana farawa da babbaƙu, sa'an nan farfaru, sa'an nan a riƙa rubuta masa 'yan ayoyi a allo. Ba a yi masa ƙari sai ya biya abin da ke allonsa daidai, ba ya wankewa sai malam ya yarda. Lokutan karatu a yanke suke, da asuba da hantsi da yamma da dare a gefen wuta, ko ana sanyin hunturu ko ana zafin bazara. Ba wanda ke tambayar kolo ko titibiri ko yau yana jin sha'awar karatu, lokaci ne ya yi, sai a ɗauko allo. Duk da haka an ware hutu ranar Alhamis da wani sashe na Juma'a, domin magabata sun san baka idan aka ja ta kullum ba sassautawa karyewa take yi. Da haka kolo ke zama gardi, gardi ya yi hadda, ya shiga satu yana rubuta Alƙur'ani da ka ana duba masa a wurin darasu, har wata rana a kira shi alaramma ko gwani.

Lissafin abin yana da ban sha'awa. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu kuma sumuni 8, jimla sumuni 480. Wanda ya haddace sumuni ɗaya tak a cikin kowane kwana 3, zai kammala hadda a kwana 1,440, watau kimanin shekara 4. Magidancin da ya lazimci karanta sumuni ɗaya bayan kowace sallar farilla, abin da ba zai ɗauke shi fiye da 'yan mintoci ba, zai sauke a kwana 96, ya sami sauka 3 a shekara har da ragowa. Wanda ya iya izu 2 a yini zai sauke duk wata. Sau da yawa wanda ya yi sauka 2 a Ramalan ya rufe har shekara ta zagayo, mai sumuni ɗaya bayan kowace salla ya wuce shi nesa ba tare da ya ji wahala ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce da yayyafi kogi kan cika.

Akwai kuma wani abu da alarammomi suka sani sarai, shi ne hadda ba ta zama sai da tilawa. Hadisi ingantacce ya kamanta Alƙur'ani a ƙirjin mai shi da raƙumin da aka dabaibaye, in an kula da shi ya tsaya, in an sake shi ya tafi. Shi ya sa za a ga dattijon da ya haddace tun yana saurayi har yanzu yana da izun da yake bi kullum. Mutane nawa ne aka yi musu walimar sauka, aka yi zayyana aka yanka rago, yau kuwa ba sa iya kawo izu 5 na ƙasa ba gyara? Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, yau da gobe aka bari.

Darasin gona

Manomin gero da dawa da gyaɗa na Gwiwa ko Babura shi ma malami ne a wannan fanni. Ranar da ruwan shuka ya sauka kowa yana da himma, har yara da tsofaffi a gona suke yini. Wahalar tana zuwa ne daga baya, lokacin noman firi da maimai, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, rana ta yi zafi, ciyawa kuma ba ta jiran kowa. Wanda ya ce ba zai ɗauki fartanya ba sai ranar da ya ji daɗin jikinsa, da kaka zai ga sakamako. Manomi na ƙwarai yana fita ne domin lokacin aikin ya yi. Zuciya ita ma gona ce: Ramalan lokacin shuka ne, sauran watanni 11 kuwa su ne na noma, ciyawar gafala kuma kullum tsirowa take yi.

Daga tarihin magabata

Masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa a wajen shekarar 1819, tana cikin masarautun da suka fito daga jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Mutane sukan tuna shekarar 1804, shekarar hijira zuwa Gudu da fara yaƙi, su manta da abin da ya gabace ta. An haifi Shehu a 1754, ya fara wa'azi da karantarwa yana ɗan shekara 20 a wajen 1774. Shekara 30 ke nan yana zaune da ɗalibai a Degel, yana fita zuwa Kabi da Zamfara, yana maimaita wa talakawa maza da mata hukuncin tsarki da salla da tauhidi. Abin da aka gani a 1804 amfanin gonar da aka yi shekara 30 ana nomawa ne.

Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu kuwa ya ɗanɗani sanyin gwiwa da kansa. A wajen 1807, da ya ga yadda son duniya da mulki ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Da ya iso Kano sai mutanenta suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su. Ya tsaya, ya yi musu tafsiri, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami a kan tsarin shugabanci da shari'a, daga baya ya koma wurin ɗan'uwansa, ya ci gaba da karantarwa da wallafa har rasuwarsa a 1829. Abin lura a nan shi ne, ko a lokacin da zuciyarsa ta karaya da al'amarin mutane, bai ajiye alƙalami da darasi ba. Wannan shi ne dushewar da ba ta fita daga sunna ba.

Matakan ɗorewa

Na farko, a bambance farilla da nafila. Salloli 5, azumin Ramalan, zakka ga mai hali, ciyar da iyali da biyan hakkin mutane, waɗannan ba a ɗora su a kan nishaɗi ba. Su ne katangar da ba a tsallakewa ko himma ta yi sanyi ƙwarai. Wanda ya kwana yana nafila ya makara sallar asuba ya yi cinikin hasara.

Na biyu, mutum ya yanka wa kansa wani abu ƙanƙane wanda zai iya yi a ranar da ya fi kowace rana gajiya. A auna da ranar kasuwa, da ranar noman maimai, da ranar da yaro ba shi da lafiya, kada a auna da daren 27 ga Ramalan. Shafa'i da wutiri, sumuni ɗaya ko biyu, azumin kwana 3 a wata, sadakar da ba za ta gagara ba ko ta loma ɗaya ce. Ranar da aka sami nishaɗi a ƙara, amma ƙarin kada ya zama sabon wajibi.

Na uku, a ɗaure aikin da wani lokaci sananne. Kalmar “wirdi” da aka aro ta zama wuridi, asalinta a Larabci zuwa mashaya ne, kamar yadda garke ke gangarawa ruwa a lokacin da ya saba. Makiyayi ba ya jiran shanu su yi shawara kafin ya kora su rafi. Mafi sauƙin turke shi ne sallolin farilla, tun da Allah ya riga ya yanka musu lokaci: karatu kafin a tashi daga inda aka yi sallar asuba, bitar darasi tsakanin magariba da lisha. Aikin da aka ce za a yi shi “in an sami sarari” ba ya samun sarari.

Na huɗu, in an rasa a rama, kada a yanke ƙauna. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa wanda barci ya ɗauke shi bai yi karatunsa na dare ba, in ya karanta tsakanin asuba da azahar za a rubuta masa kamar da dare ya yi. Nana A'isha kuma ta faɗi cewa idan ciwo ko barci ya hana Annabi tsayuwar dare yakan yi raka'a 12 da rana. Babbar dabarar Shaiɗan ita ce ya ce wa wanda ya yi fashin kwana 2 ai ya riga ya ɓata, ya bari sai wani azumin. Wanda ciwo ko tafiya suka hana shi abin da ya saba kuwa, Bukhari ya ruwaito bushara cewa ana rubuta masa ladan abin da yake yi yana lafiya yana gida. Mata ma kada kwanakin al'ada su yanke musu zaren: zikiri da salati da sauraren karatu duk a buɗe suke, a mazhabar Imamu Malik kuma mai haila tana iya karanta abin da ta haddace da ka.

Na biyar, a nemi abokin tafiya. Hikimar jam'i da zaman darasi a zaure ke nan. Wanda ya san maƙwabcinsa zai ƙwanƙwasa masa ƙofa da asuba, ko malaminsa zai tambayi inda ya shiga jiya, ya fi wanda ke fama shi kaɗai. Wanda ke bin Ahalari ko Iziyya ko Risala a gaban malami, layi kaɗan kullum, yakan kai ƙarshen littafi, mai tara littattafai a ɗaki yana jiran ranar hutu kuwa yakan tsufa a babin farko.

Na shida, a riƙa yi wa kai hisabi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, watau 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u cewa mutum ya ɗauki ransa kamar abokin ciniki: ya gindaya masa sharaɗi da safe, ya sa masa ido da rana, ya yi lissafi da shi da dare. Ɗan kasuwar da ba ya ƙirga kuɗinsa sai ƙarshen shekara ba ya sanin ranar da uwar kuɗi ta fara zagwanyewa.

Na bakwai, a toshe ɓarakar da ke shanye lokaci. Sallar asuba tun daga lisha ake kama ta. A zamanin nan hirar dare ta bar dandali ta koma cikin wayar hannu, mutum yana kwance a shimfiɗarsa har ƙarfe ɗaya ko biyu yana leƙe-leƙe, sa'an nan ya yi mamakin yadda kiran salla ke wuce shi. An ruwaito cewa Annabi yana ƙin hira bayan lisha in ba ta alheri ba ce. Ajiye waya nesa da shimfiɗa a wani lokaci sananne yana iya zama mabuɗin alheri mai yawa.

Daga ƙarshe, dabara ba ta isa sai da taimakon Allah. Annabi da kansa yana yawan neman tsari daga gajiyawa da kasala, yana kuma yawan roƙon Allah ya tabbatar da zuciyarsa a kan addini. In wanda aka gafarta wa abin da ya gabata da abin da zai zo yana wannan roƙo, to, waninsa ya fi bukata. Suratul Hijri ta rufe da umarnin a bauta wa Ubangiji har mutuwa ta zo, ba a sanya wa bauta wa'adin ganin watan Shawwal ba. Ubangijin Ramalan shi ne Ubangijin sauran watanni, mutuwa kuma ba ta zaɓen wata.

Saboda haka mai karatu ya dubi abin da ya saba yi a watan azumi, ya zaɓi abu ɗaya ko biyu da zai iya riƙewa, ya yanka musu lokaci, ya fara daga sallar da ke tafe. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba al'ummar Musulmi tabbata a kan gaskiya, ya karɓi kaɗan ɗinsu ya yafe gazawarsu, ya sa ƙarshen ayyukansu ya fi farkonsu kyau, amin.